Yara a karatun babban hutu: me za mu tsare musu?

Wata malamar lakwal daga Buza ta rubuto mana cewa ita da wasu samarin unguwa suna tara yara a lokacin babban hutu, daga safe zuwa la'asar, a yi bitar karatu, a yi wasa, a ci abinci tare. Masassara ce ke tayar mata da hankali. Tana tambaya: ko ta nemi maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina ta ba yaran gaba ɗaya? Kuma me ya kamata ta fi sa wa ido?

Malama, Allah ya saka da alheri, tambayarki ta yi mini daɗi. Hutunmu na Nijar yana faɗowa ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa. Wanda ya riƙe wa iyaye yara suna gona ya ɗauke musu babban nauyi.

Mu fara da maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a ƙasashen Sahel a 2012, kuma Buza da Madawa suna cikin gundumomin da aka fara raba shi a 2013, da haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci ta MSF. An tsara shi ne domin yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere, gwargwadon shekarun yaro. Ɗalibanki yawancinsu sun wuce nan. Kada ki raba shi da kanki. Ki bar wa jami'an da ke da kati da awo. Abin da za ki iya shi ne tuna wa uwaye su cika wa ƙannen ɗalibanki shan kwana na biyu da na uku, don nan ne ake yawan sakaci.

Akan ce dukan ruwan sama ko cin sabuwar masara ke kawo masassara. Lokacinsu ne ya zo ɗaya kawai. Sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake cizo, saboda haka ba a wurinki yaro zai kamu ba, a shimfiɗarsa ne idan babu sange. Amma a wurinki za a fara gani. Kowace safiya ki duba fuskokinsu. Wanda ya yi lamo, ya ƙi wasa, jikinsa da zafi, a kai shi likita a ranar, a ɗiga jinin yatsa a gwada. Cikin minti 15 zuwa 20 an san ko ita ce. Idan yaro ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi.

Ni dai da za ki bi ta tawa, ruwa zan fi sa wa ido, kuma ruwan iri uku ne.

Na farko na sha. Randa guda, moɗa guda, hannu talatin: haka zawo ke zagaye yara cikin kwana biyu. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta taɓa jihar Tawa. Ki zuba ruwan a jarka mai murfi, a riƙa tsiyayawa, kowane yaro da kofinsa. In daga rijiya aka ɗebo, a tafasa ko a jefa ƙwayar Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardar, a jira minti 30. Buta da sabulu su zauna a bakin makewayi, babba ya tsaya a wanke hannu kafin a zauna ga hura. Abincin da aka dafa da safe a ci shi da ɗuminsa, kada ya yini a buɗe. Idan zawo ya kama yaro, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda. In babu, lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa a hankali har a isa likita.

Na biyu tabki. Yaro da zafin rana ba ya ganin ruwa kwance ya wuce. Bayan haɗarin nutsewa, akwai tsargiya, wato fitsarin jini. Wasu na ɗaukarta alamar balaga ko aikin rana, alhali tsutsa ce da ke fitowa daga ƙananan katantanwa, ta ratsa fata lokacin wanka. Tana da magani a likita, sunansa firazikwantel, kuma yaro ba zai faɗa ba sai an tambaye shi a keɓe, cikin lallashi.

Na uku shi ne wanda ya fi hana ni barci, domin ƙasarmu ta Adar tudu ce da kwari. Ruwa kan sauka a kan duwatsu can nesa, a nan ko ɗigo ba a gani ba, sai korama ta taho da ƙarfinta ta nufi Majiya. Mutanen Kaita da Buza sun san wannan sarai, yaro ɗan shekara bakwai ne bai sani ba. Ki san wane yaro ne ke tsallake korama kafin ya isa gida. Hadari ya haɗo, ko dai ki sallame su da wuri tare da babba, ko ki riƙe su cikin aji har ruwan ya janye, ko da magariba za ta yi. Kada su fake ƙarƙashin bishiya saboda tsawa.

Ki ajiye littafi mai sunan kowane yaro, da lambar wanda za a kira, da ciwon da aka san shi da shi, kamar sikila ko farfaɗiya. Ki ƙirga su da safe, ki ƙirga bayan wasa, ki ƙirga kafin tashi. Tun kafin ranar farko kuma ki je ki gaida majo na likitar unguwarku, ki karɓi lambarsa, ki yi magana da mai babur guda da zai amsa kiranki ko da ana ruwa.