Igiya ba ta haukata kare

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin masu karnuka a Gwashi da sauran ƙauyukan Bukkuyum, har Gummi da Anka: wai ɗaure kare ne ke haukata shi, ko ya kashe masa zuciya ya daina gadi. A matsayina na likitan dabbobi ina faɗa da babbar murya, wannan ba gaskiya ba ne, kuma rayukan yara ake kasada da su.

Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ke kawo shi. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta cizo ko yaƙushi. Ba zafin bazara ba ne, ba yunwa ba, ba iska ba, balle igiya. A yawo kare ke kwaso ta, wurin faɗa da 'yan'uwansa a juji ko mahauta ko dawa. Ke nan sakakken kare shi ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara gudun ruwa, to sai dai addu'a.

Na san inda jita-jitar ta samo asali. Karen da aka turke da waya a rana tun safe har dare, ba ruwa ba inuwa, dole ya yi zafin rai ya riƙa kai cizo. Wannan azabtarwa ce, kuma Allah zai tambaya. Ba ita nake nufi ba.

Ku fara saba wa kare da igiya tun yana kwikwiyo. A sa baduku ya ɗinka masa abin wuya na fata mai faɗi, wanda yatsu biyu za su shige ƙarƙashinsa. Kada a yi masa zarge, shaƙe shi zai yi. Igiya mai tsawon gaba ɗaya ta isa. In ya ja, ka tsaya cak. In ya dawo gefenka, ka ba shi lomar tuwo, ku ci gaba. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron hannu. Kuma, iyaye, ku daina barin wannan aiki ga yara don kuna ƙyamar taɓa kare. In gadinsa ya yi maka amfani, horonsa ma a wuyanka yake. Mafarauta kuwa, ku saki karnukanku a dawa, amma cikin gari da ranar kasuwa su kasance a igiya.

Ga gargaɗin da ba zan gaji da nanatawa ba. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, nan take. Minti 15 cur, ba shafa ruwa ba. Kada a ƙona gashin karen a barbaɗa, kada a ɗaure ciwon da tsumma a ce ai ƙarami ne. Cutar kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, ciwon ya warke, kowa ya manta. A nemi allura a asibiti ranar nan, ba sai gobe ba. Karen kuma, in na gida ne, a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira sakamakon kafin a fara allurar.

Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, da wahalar kai mara lafiya Gummi ko Anka, balle Gusau. Shi ya sa nake jin takaicin yadda hukumomi ba sa tuna karnukan karkara sai ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, alhali cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar karnuka a ƙasar nan. Sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi kafin cutar ta daina yaɗuwa. Masu unguwanni da sarakunan farauta su haɗa sunayen masu karnuka, su kai ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a nemi allura ga duk karen da ya kai wata uku, a kuma maimaita kowace shekara.