Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Ƙanƙara Da Faskari Da Sabuwa A Kan Tuba Da Komawa Ga Laifi

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mas'ala da na ga tana damun da yawa daga cikinku, wato hukuncin mutumin da ya tuba daga wani laifi, ya zubar da hawaye, ya ɗauki alkawari, sa'an nan ba a jima ba ya sake afka masa. Shin tubansa na farko ƙarya ne? In kuwa ƙarya ne, ina amfanin ya sake yin wani?

Ban yi mamakin nauyin da tambayar nan ta yi muku ba, domin kun tashi kuna ganin ana tuba a bainar jama'a, ana warwarewa a daji. A farkon 2017, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an taru a garin Ƙanƙara, ɓarayin shanu suka ajiye makamai, aka yi musu afuwa, aka ɗan sami sauƙi, kafin al'amari ya sake lalacewa. A watan Satumba na 2019 Gwamna da kansa ya taka har Ɗankolo ta ƙasar Sabuwa, ya zauna da mutanen daji, aka sake ƙulla sulhu. Shekara ba ta zagayo ba, a watan Yuni na 2020, aka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari, aka kashe bayin Allah masu yawa a yini guda. Mafi tsayawa a zuciya shi ne labarin Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 daga hannunsa bayan kwana shida, sa'an nan a watan Fabrairu na 2021 ya bayyana a Gusau a gaban Gwamna Bello Matawalle, ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse, amma kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, can kuma ajali ya riske shi a wani faɗa da wata ƙungiyar 'yan bindiga. Hukuncinsa yana wurin Ubangijinsa, ba mu da ta cewa. Abin da nake jin tsoro shi ne darasin da wasunku suka ɗauka daga nan, cewa tuba duka tuban muzuru ne, saboda haka wanda ya tsunduma cikin shan ƙwaya ko caca ko wata alfasha gara ya ci gaba da abinsa, da ya yi ta yi wa Allah alkawarin da ya san ba zai cika ba.

Wannan kuskure ne babba, malamai kuwa sun daɗe da warware shi. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya fara da littafin Ahalari ya san cewa tun a shafukan farko, kafin a kai ga hukuncin tsarki da salla, an kawo sharuɗɗan tuba, su ne nadama a kan abin da ya wuce, da barin saɓon nan take, da ƙudurta cewa ba za a koma ba. Imam Nawawi kuma a Riyadus Salihina ya bayyana na huɗu, wato mayar da haƙƙi ga mai shi idan laifin ya shafi wani bawa. Ku lura da sharaɗi na uku da kyau, domin nan ne fahimta take zamewa: abin da aka nema shi ne azama ta gaskiya a lokacin da ake tuban, ba tabbacin abin da gobe za ta haifar ba, tun da yake babu mai wannan tabbaci sai Allah. Wanda ya yi azama da zuciya ɗaya, daga baya rauni ya rinjaye shi ya faɗi, to, ya aikata sabon zunubi mai bukatar sabon tuba, amma faɗuwarsa ba ta mayar da tubansa na farko ƙarya ba, kuma a kan haka jumhurun malamai suke.

Abin da zai ba ku sha'awa, maƙwabtanmu Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda suke da yawa a ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, har ma a 2023 aka kafa musu dayosis a Katsina ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, sun sha fama da wannan mas'ala ɗin, suka kuma isa kusa da inda malamanmu suka isa. A wurinsu mai laifi yakan je gaban Fada ya furta zunubinsa a asirce, al'adar da aka wajabta musu aƙalla sau ɗaya a shekara tun daga babban taron Lateran na 1215. Mu Musulmi ba mu da wannan, tubanmu tsakanin bawa ne da Ubangijinsa ba tare da wani a tsakiya ba, an ma hore mu da suturta abin da Allah Ya suturta. Wannan saɓani ne na aƙida, ba kuwa don in share shi na kawo maganar ba. Amma a taronsu na Trent, a shekarar 1551, cikin ƙarnin da mai Ahalari ya rayu, malamansu sun tabbatar cewa furucin baki ba ya wadatarwa sai da nadamar zuciya wadda ta ƙunshi niyyar daina laifin, sai kuma da gyara ɓarnar da aka yi. Suna karɓar wanda ya dawo da zunubi guda sau da yawa, ba su kore shi, muddin yana kokawa da kansa. Amma wanda ya ƙi rabuwa da sababin da yake jefa shi cikin laifin alhali yana da ikon rabuwa, ko ya ƙi mayar da abin da ya sata, Fada yana da damar jinkirta masa furta gafara har sai ya nuna alamar gyara.

Ga ma'aunin da nake so ku riƙa auna kanku da shi, domin zuciya gwanar yaudarar mai ita ce, hawaye kuma ba shaida ba ne. Kada ka tambayi kanka sau nawa ka faɗi. Tambayi kanka me ka bari a ɓoye ranar da ka tuba. Wanda ya miƙa bindiga biyu ya binne goma bai tuba ba, ciniki ya yi, ko da ya dafa Alƙur'ani sau bakwai. Haka nan yaron da ya rantse ya bar ƙwaya amma bai goge lambar dillalinsa daga waya ba, bai kuma daina zama a majalisar da ake sha ba, shi ma ya binne tasa bindigar. Hadisin mutumin nan da ya kashe rai casa'in da tara, ya cike ɗari da wanda ya yanke masa ƙauna, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, mutane sun fi riƙe faɗin rahamar da ke cikinsa, suna mantawa da cewa malamin da ya buɗe masa ƙofa ya umurce shi da ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki, a kan hanyar hijirar ne kuma mutuwa ta same shi.

Sai maganar haƙƙin bayi, wadda ita ce mafi ɗaci, kuma dole in faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba. Kun sani, ni ma na sani, cewa ɓarnar da ake yi mana ba daga daji kaɗai take fitowa ba. Akwai masu kai rahoton wanda ya sayar da hatsi ko ya karɓi kuɗin auduga, akwai masu kai fetur da burodi da ƙwaya, akasarinsu kuwa sa'o'inku ne, talauci da zaman banza suka tura su. Wanda ya taɓa shiga wannan, istigfari dubu bayan sallar asuba ba ya sauke masa nauyin gonar da aka sayar don biyan kuɗin fansa. Gwamna yana iya yafe hukuncin hukuma don maslahar jama'a, wannan sulhu ne, yana kuma da muhallinsa a shari'a. Amma ba shi da ikon yafe haƙƙin matar da aka kashe wa miji, haka malami ba shi da shi, Fada ma ba shi da shi. Ban ce ka tashi ka tona kanka a kasuwa ba, domin a halin da muke ciki hakan yana iya jawo a hallaka ka ba tare da shari'a ba. Nemi malami mai amana ko dattijo mai riƙon sirri, ku duba tare yadda za a mayar da abin da zai mayu, ko da kaɗan kaɗan ne, ko da ta hannun wani ne, da yadda za ka yi nisa da masu kiranka a waya.

Ku kuma da Allah Ya tsare, akwai abin da ya hau kanku, domin da yawa daga masu komawa laifi ba daɗinsa ne ya mayar da su ba, sun fito ne suka tarar ba mai ba su aiki, ba mai ba su aure, ba mai amsa musu sallama da sakin fuska. Ban ce ku ba wanda ya tuba ajiyar kuɗi tun ranar farko ba, hattara ba ta saɓa wa kyautata zato. Amma ku matsa masa a sahu, ku kira shi gayya idan za a yi noma, in kuma ya sake zamewa ya dawo da kunya, ku tambaye shi ta wace ƙofa abin ya shigo masa a wannan karon, ku taya shi toshe ta.

Ku gai da iyayenku da malamanku. Wassalam.

Naku,
Baffanku