Mai Juna Biyu Da Gwajin Likita Na Neman Diyyar Aiki

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kika ji rauni a wurin aiki, ko a ofis ne a nan Tarauni ko a masana'antun Sharaɗa da Bompai, kina da haƙƙin diyya. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta shekarar 2010 ce ta tanadi haka, hukumar NSITF kuma ita ke biya. Ki sanar da shugabannin wurin aikinki cikin kwana 14, ki shigar da buƙatarki kafin shekara 1 ta cika.

Daga nan za a iya kiran ki gwajin likita. Da rahoton likitan ne ake auna girman raunin da abin da za a biya ki. Ciki ba dalilin ƙin zuwa ba ne, kuma rashin zuwa na iya jawo jinkiri ko dakatar da biya, a daidai lokacin da hidimar haihuwa ke tafe.

Ga abubuwan kiyayewa:

1. Ki tafi da katin awo, takardun jinyar raunin da duk magungunan da kike sha.

2. Tun kafin a fara, ki faɗa wa likita kina da ciki da watanninsa, ko da bai fito ba. Kunya ba ta da wuri a nan.

3. Idan za a ɗauki hoton ƙashi, ki sake faɗa wa mai ɗauka. Hasken da ke isa ga jariri daga hoton hannu ko ƙafa ƙalilan ne ƙwarai, amma na ƙugu da baya sai likita ya auna amfaninsa.

4. Ki nuna inda ke ciwo da gaskiya, ba ƙari ba ragi.

5. Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, musamman daga mako 20 na ciki.

6. Idan ranar ta haɗu da ranar awo ko naƙuda, a sanar da su a rubuce, a nemi wata rana.

Maigida, ka raka ta, ka adana kwafin kowace takarda.

Amma idan kika faɗi ko aka buge ki a ciki, kada ki jira takardar kowa. Ganin jini, fashewar ruwa, ciwon mara mai tsanani ko raguwar motsin jariri, duk alamun haɗari ne. A garzayo Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko asibiti mafi kusa, dare ko rana.

Allah Ya sauke ki lafiya.