Hattara da Ƙasar Tsofaffin Mahaƙun Ma'adinai

A watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyam ta Kominak da ke Akokan, kusa da Arlit, aka bar tsibin sharar haƙa kimanin tan miliyan 20. Ido ba ya bambanta ta da sauran ƙasa, amma akwai sinadarin radiyam mai cutarwa a cikinta, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Iska na kwasar ƙurarta ta zuba a kan shuka da abinci. Ruwa kuwa yana narkar da yuraniyam. Yumɓu kan riƙe shi, amma a rairayi tsiyayewa yake yi har cikin rijiya. Radiyam kuma yana fitar da iskar radon, marar wari, wadda ke taruwa a rufaffen ɗaki tana jawo sankarar huhu.

Don haka, 'yan'uwa, kada a ɗebi wannan ƙasa don buga tubali, yaɓe ko daɓe, komai arharta. Haka ma baƙin yashin da ke saura bayan wankin kuza a Jos, domin yana ɗauke da toriyam, wani sinadari mai cutarwa irin yuraniyam. Kada a sayi tsofaffin ƙarafan mahaƙa a ƙera tukunya ko ƙofa. Tafasa ruwa ba ya raba shi da yuraniyam, sai dai a kai shi awo. A riƙa buɗe tagogi, a wanke ganye sosai, a hana yara wasa a kan tsibin, a kuma hana dabbobi kiwo a kansa.

A kuma matsa wa hukuma ta auna unguwa, ta bayyana sakamakon ga kowa. Rigakafi ya fi magani.