Ƙurajen Leɓe da Lafiyar Jariri: Gargaɗi ga Iyaye da 'Yan Barka

Babu gidan da ba a san ƙurajen nan masu ruwa da kan feso wa mutum a leɓe ba, musamman in ya tashi daga zazzaɓi ko mura. Da an gan su sai a ce, "Madalla, zazzaɓin ya fito." Ba mai zuwa asibiti dominsu, don kuwa cikin kwana 7 zuwa 10 sun bushe sun ɓace. Ga babba lafiyayye abin bai taka kara ya karya ba. Amma ga jaririn da bai yi arba'in ba, ƙwayar cutar da ke cikin waɗannan ƙuraje tana iya kisa, ko ta bar shi da naƙasa har iyakar rayuwarsa. Saboda haka ya kamata kowane uba da uwa da kaka su san yadda za su tsare shi.

Mene ne ke kawo ƙurajen?

Ba zazzaɓi ne ke fitowa ta baki ba. Wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira harfis, wadda yawancin mutane kan ɗauka tun suna yara ta hanyar yawu. In ta shiga jiki ba ta fita. Sai ta bi jijiyar fuska ta je ta laɓe a tushenta, kamar garwashin da aka rufe da toka. Duk ran da jiki ya yi rauni, ko da zazzaɓin cizon sauro, ko mura, ko zafin rana, ko gajiya da rashin barci, sai ta farfaɗo ta biyo jijiyar zuwa leɓe. Ku lura, gajiya da rashin barci su ne abokan zaman gidan haihuwa, shi ya sa ƙurajen kan fito wa uba ko uwa daidai lokacin da aka fi gudunsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da wannan ƙwaya, kuma a Afirka ta fi yawa. Ashe ke nan ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ba ce.

Da farko mutum kan ji ƙaiƙayi ko zafi-zafi a leɓe. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙurajen su fito, su fashe, su yi ɓawo. Tun daga ƙaiƙayin nan har ranar da ɓawon ya faɗi fata ta warke, mutum yana iya harbin wani, amma lokacin da suka fashe suna ruwa ya fi hatsari.

Me ya sa jariri ya fi shiga hatsari?

Garkuwar jikin jariri ba ta ƙosa ba. Abin da jikin babba zai tsare a leɓe, a jikin jariri yana iya bazuwa. Likitoci sun kasa cutar gida uku. Akwai wadda ke tsayawa a fata da ido da baki. Akwai wadda ke kama ƙwaƙwalwa, ta kawo jijjiga, ta kuma iya barin yaro da shanyewar gaɓoɓi ko makanta. Akwai kuma wadda ke bin jini ta kama hanta da huhu. Wannan ta ƙarshe, in ba a yi magani ba, tana kashe kusan 85 cikin 100 na jariran da ta kama. Da magani adadin kan sauko zuwa kusan 30.

Kada wannan ya firgita kowa. Cutar ba ta da yawa a jarirai: kimanin jarirai 10 cikin kowace haihuwa 100,000 take kamawa a duniya. Mafi yawansu wajen haihuwa suke ɗauka daga uwa mai ɗauke da ƙwayar a al'aura, amma kusan ɗaya cikin goma bayan haihuwa ne suke ɗauka, daga bakin wani ko hannunsa. Wannan kason kuwa a hannunmu yake. Makonni 4 zuwa 6 na farko su ne mafi hatsari. Jaririn da uwarsa ba ta taɓa kamuwa ba ya fi shiga matsala, domin ba ta ba shi garkuwar cutar tun yana ciki ba. Don haka uba mai ƙuraje kada ya ce ai matarsa ba ta taɓa yi ba, babu damuwa. A nan ne ma damuwar take.

Dokoki ga uba ko uwa mai ƙuraje

1. Kada ka sumbaci jariri ko'ina a jikinsa, ko goshi, ko kumatu, ko hannu, sai leɓenka ya warke sarai. Hannun da ka sumbata shi zai kai baki.

2. Wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ka ɗauke shi, da duk lokacin da ka taɓa bakinka. Kada ka riƙa ɓare ɓawon.

3. In za ki ba shi nono, ko ki yi masa wanka, ɗaura takunkumi ko tsabtataccen ƙyalle ya rufe bakin.

4. Kada ki yaye shi, kada ki rage masa nono. Ƙurajen leɓe ba sa ɓata nono. Sai fa in ƙurjin a kan nonon yake. To, nan sai ki shayar da ɗayan, ki rufe mai ciwon, ki tatse ki zubar har ya warke, ki kuma nuna wa ma'aikacin lafiya.

5. Kada a lashi yatsa a goge masa ido ko a gyara masa kwalli. Kada a ɗanɗana cokalin maganinsa. Tawul ɗinsa daban, na mai ciwo daban.

6. A tsare cibiya da duk inda fatarsa ta yi rauni, kamar wurin aski ko kaciya, domin ta nan ƙwayar ta fi saurin shiga.

7. Fasa kafso a barbaɗa, ko shafa man goge baki, ba ya kashe wannan ƙwaya. Maganin ƙurajen shi ne asiklobir, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Zovirax, kuma ya fi aiki in an fara tun lokacin ƙaiƙayi. Mai shayarwa ta tambayi likita kafin ta sha. Ko an shafa magani, dokokin da ke sama suna nan.

Barka da suna

Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna, jariri kan bi hannuwa da yawa. Wannan ta ɗauka ta yi masa wasa, waccan ta karɓa ta sumbata. Zumunci ne, kuma ba wanda ya ce a bar shi. Abin da ake roƙo shi ne mai ƙuraje a baki ya yi barkarsa daga inda yake zaune. Addu'arsa za ta isa ba sai ya tofa a jikin jariri ba. Uba zai iya yi wa ɗansa huɗuba a kunne ba tare da leɓensa ya taɓa shi ba. In za a tauna dabino a shafa masa a ganda, a zaɓi wanda bakinsa lafiya lau yake, ko da kuwa mai ƙurajen shi ne babba a gidan.

Mun san mai jego, balle mai haihuwar fari, kunya ba za ta bar ta ta ce wa surukarta ko ƙanwar mijinta "kada ki sumbace shi" ba. To, wannan aikin kaka ne da ungozoma da duk dattijuwar da ke zaman jego. Ita ce za ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, bari bakin nan ya warke tukuna." Mai hankali ba zai ji haushi ba. Maigida kuma shi ne zai faɗa wa danginsa, kada ya bar wa matarsa nauyin. Yayyen jariri ƙanana ma a sa musu ido, domin su ma sukan yi ƙurajen.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Cutar kan bayyana kwana 2 zuwa 12 bayan ɗauka. A garzaya asibiti nan take in jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki yana barcin da ba a iya tashinsa, ko ya yi zafi har awo ya kai digiri 38, ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi jijjiga, ko idonsa ya yi ja yana ruwa, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa. Kada a jira ganin ƙuraje, domin jarirai da yawa ba sa yin su ko kaɗan. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe da hayaƙi, kada a tsaya a kemis. Da an isa, a gaya wa likita ƙarara cewa akwai mai ƙurajen leɓe a gida, don wannan magana kaɗai tana iya nuna masa inda zai dosa. Maganin jariri ta jijiya ake ba shi, a kwance a asibiti, kwana 14 zuwa 21.

Ke kuma mai ciki, in kin taɓa yin irin waɗannan ƙuraje a al'aura, ko mijinki yana yi, faɗa wa ma'aikaciyar awo tun da wuri. Akwai magani da akan bayar a watan ƙarshe, wani lokaci kuma a zaɓi yin fiɗa don a tsare jaririn.

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan bai fi sabulu da ruwa da haƙurin kwana goma ba. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma isar da saƙon ga ungozoma da wanzami da duk gidan da ake jiran haihuwa.