Abin al'ajabi na Dammam: darasi daga filin ƙwallo

Duk inda masu sha'awar ƙwallon ƙafa na ƙasarmu suka zauna hira, da wuya su tashi ba a ambaci sunan Dammam ba. Dammam birni ne a gabashin ƙasar Saudiyya, a bakin teku. A can ne, ranar 25 ga Fabrairu, 1989, ƙungiyar matasan Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wato Flying Eagles, ta kara da Tarayyar Sobiyet a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na gasar matasa ta duniya. Mun zaɓi wannan wasa domin nazarinmu na bana, gama akwai abin koyi a cikinsa ga ɗalibi, da malami, da iyaye.

Yadda wasan ya gudana

Mai horar da yaranmu a lokacin shi ne Tunde Disu. Abokan karawarsu kuwa ba kanwar lasa ba ne. A cikinsu akwai Oleg Salenko, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, shi ne kuma wanda daga baya, a 1994, ya jefa wa Kamaru ƙwallo 5 shi kaɗai a wasa guda na gasar cin kofin duniya. Kafin a cika minti 60, Sobiyet ta ci 4, Nijeriya tana nema. Sergei Kiriakov ya ci biyu, Bakhva Tedeev da Salenko suka ci ɗaya ɗaya.

A minti na 61 Christopher Ohenhen ya rama ɗaya da bugun tazara. A minti na 75 ya sake cin wata. A minti na 83 Samuel Elijah ya ci ta uku, kafin 'yan kallo su koma mazauninsu kuma Nduka Ugbade ya ci ta huɗu a minti na 84. Aka yi ƙarin lokaci babu wanda ya sake ci, sai aka je bugun fenareti. Nijeriya ta ci 5, Sobiyet ta ci 3. Kafin wannan rana, ba a taɓa samun ƙungiyar da ta rama ƙwallo 4 ta kuma yi nasara a irin wannan gasa ta duniya ba.

Abin da magoya baya suke tunawa

Waɗanda suka kalli wasan a talabijin ko suka saurare shi a rediyo, yawancinsu yanzu sun yi furfura. Idan suna ba da labari, sukan kasu kashi biyu. Akwai waɗanda suka daure suka zauna har alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe. Akwai kuma waɗanda da aka ci ta huɗu suka kashe akwatin, suka tafi harkokinsu cikin ɓacin rai, sai ihun maƙwabta ne ya komo da su a guje. Waɗannan na biyu har yau da cizon yatsa suke ba da labarin. Ba mu ga laifinsu ba, gama a idon kowa wasa ya riga ya ƙare. Amma Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai dai mu lura, tunawa takan yi wa labari ado. Wani yakan ba da labarin kamar a ranar ce aka ɗauko kofi. Ba haka ba ne. Yaranmu sun doke Amurka da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, Mutiu Adepoju ne ya ci duka biyun, amma a wasan ƙarshe a Riyad, ranar 3 ga Maris, Fotugal ta doke su da ci 2 da nema. Ya kamata ɗalibi ya saba da gwada abin da ya ji a hira da abin da yake rubuce.

Darussan da za mu koya

Na farko, babban bashi da kaɗan kaɗan ake biyansa. Babu bugu ɗaya da yake kawo ƙwallo 4. Tsakanin ta farko da ta biyu sai da aka yi minti 14, tsakanin ta biyu da ta uku minti 8, tsakanin ta uku da ta huɗu minti 1 tak. Farkon ne mai wuya. Ɗalibin da ya faɗi darussa huɗu a zangon farko, in ya dube su a dunƙule zai karaya. Bari ya kama ɗaya ya gyara, sa'an nan ya kama na biyu.

Na biyu, ƙarfin zuciya kaɗai ba ya isa. Bugun tazara gwaninta ce da ake koya a filin horo, ana maimaitawa har ƙafa ta saba. Da Ohenhen bai iya ba, da zarafin ya zo ya wuce a banza. Haka wanda bai saba da lissafi tun daga aji ɗaya ba, kwana biyu kafin jarrabawa ba za su cece shi ba.

Na uku, wanda yake gaba kada ya saki jiki. Mu ma mun ɗanɗana abin da Sobiyet ta ɗanɗana. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Super Eagles suna gaban Italiya da ci 1 da nema, wanda Emmanuel Amunike ya ci, har saura minti 2 a tashi. Roberto Baggio ya rama, ya kuma ƙara a cikin ƙarin lokaci, aka fitar da mu. Ɗalibin da ya yi na ɗaya a zangon farko ya tuna da wannan.

Na huɗu, abin da aka yi sau ɗaya yakan ƙarfafa na baya. A wasannin Olamfik na 1996, Barazil tana gabanmu da ci 3 da 1. Victor Ikpeba ya rama ɗaya, Nwankwo Kanu ya ci biyu, aka tashi 4 da 3, daga nan muka doke Ajantina da ci 3 da 2 muka karɓi lambar zinariya. 'Yan aji shida su sani ƙannensu suna kallonsu.

Ga malamai da iyaye kuma, muna roƙo kada mu zama kamar mai kashe talabijin a minti na 60. Yaron da sakamakonsa ya ɓaci bana yana bukatar wanda zai zauna tare da shi, ya nuna masa inda zai fara ramawa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. A cikin ƙwallaye huɗun da Nijeriya ta rama, wacce ce ta fi muhimmanci a ganinka? Ba da dalili.
2. Me ya bambanta wasan Dammam da wasan Italiya na 1994?
3. Wane darasi ne ya fi ba ka wuya bana, kuma daga wane babi za ka fara gyara shi a wannan hutu?