Maharbi da tsuntsayen gona

A ƙasar Waca, idan hatsi ya fid da kai ya fara ido, manomi ba ya samun barci mai daɗi. Tun daga tudu, inda ake shuka hatsi da wake da riɗi, har cikin kwarin Korama, inda ake noman dawa da rake, kowa idonsa yana sama. Ana duban hadari, ana kuma duban tsuntsaye. Wanda yake da bindiga yana goge ta. Wanda ba shi da ita yana ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa mutum-mutumi, ya ta da yara tun asuba.

Yau za mu duba abin da bindiga take iya yi a gona, da wahalar da mai harbi yake sha. Amma kafin a yi harbi, sai a san wanda ake nufi.

Su wane ne ɓarayin?

Hasbiya ita ce babba. Tana da jan fata kewaye da ido, da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Tana son giginya da dogayen gine-gine. Nauyinta ya kai giram 350. Kurciyar gida, wadda kuke jin kukanta da hantsi, ba ta wuce giram 100 da kaɗan ba. Bardo kuwa, mai dogon wutsiya, giram 40 ne kawai. Dukansu dangi ɗaya ne da tantabarar da muke kiwo. Ƙwai biyu suke yi. Uwa da uba duka suna ciyar da ƴaƴa da wani abu fari mai kama da nono, wanda yake fitowa daga maƙoƙonsu. In suna shan ruwa ba su ɗaga kai kamar kaza, zuƙa suke yi. Ku lura da tantabara a gida, za ku gani.

Yawancin cin waɗannan tsuntsaye a ƙasa yake. Suna tsince irin da ba a rufe da kyau ba lokacin shuka. Suna bin riɗi in an yanke an jingine shi, suna bin dammunan da aka shanya, suna taruwa a masussuka. Da wuya ka ga kurciyar gida ta maƙale a zangarniya tana cinye ta.

Mai wannan aiki shi ne jan-baki. Da faransanci ana ce masa mange-mil, wato mai cin hatsi. Bai fi giram 20 ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ɗaya yake ci da wanda yake zubarwa ya kai wajen giram 10 a yini. Tiyar hatsi kilo biyu da rabi ce. Ke nan jan-baki 250 suna gamawa da tiya guda a yini, garken 10.000 kuwa buhu guda mai kilo 100. Garken 10.000 ƙarami ne a wurin jan-baki. Sau da yawa shi yake ɓarna, kurciya ta sha harsashi, don ita ce mai nama kuma ita ce mai sauƙin gani.

Wahalar maharbi

Maharbin ƙasarmu ya san halin abin da yake nema. Ya san dangin kurciya suna zuwa ruwa safe da yamma, don haka yake laɓewa a bakin tabki. Wani yana ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa, ya yi ta tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun. Ku gwada tafiya a duƙe daga ƙofar aji zuwa bakin rijiya, sa'an nan ku ce mini yadda bayanku da gwiwoyinku suka ji. Shi kuwa haka yake yi cikin rana da ƙarangiya. In bindigarsa ta toka ce, kowane harbi sai ya zuba albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya zuba ƙwayoyin dalma, ya sake dannawa. Kafin ya gama, garke ya kai wata gona. In ya cika albarushi ko ƙarfen ya tsufa, bindiga tana iya fashewa ta tafi da yatsu. Irin wannan maharbi in ya koma gida da kurciya goma, ya yi sa'a.

A wasu ƙasashe ana harbin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. A Ingila akwai wata babbar hasbiyar daji mai nauyin rabin kilo. Tana sauka garke-garke a gonakin alkama da na wake da na wani ganye da ake matse mai daga ƙwayarsa. Manoma suna kiran maharba. Maharbi yana kafa ɗan shinge ya ɓuya, ya jera hasbiyoyin roba a gabansa. Masu wucewa su ga kamar ƴan'uwansu ne suke kiwo, su sauko. Dabarar burtu ce, an dai sake mata kama. Gwani yana iya kashe 100 ko fiye a yini guda.

To, mu yi lissafin wannan yini. Gwani ma yana kuskure, don haka hasbiya 100 tana cin harsashi 200 ko fiye. Bindigar tana da nauyin kilo uku da rabi. Ɗaga ta sau 200 daidai yake da ɗaga kilo 700, wato buhu bakwai na hatsi, kaɗan-kaɗan. Kowane harbi gindin bindiga yana tokarin kafaɗa. Da yamma sai ya bi gona yana tsintar abin da ya kashe, ya ɗauki kilo 50 na nama, ga bindiga, ga sauran kaya, ya ratsa kunyoyi har bakin hanya.

A lardin Kordoba, cikin ƙasar Ajantina, abin ya wuce haka. Tun da aka faɗaɗa noman dawa a can, wata ƙaramar kurciya ta yaɗu har miliyoyi. Baƙi suna biyan kuɗi masu yawa su zo harbi. Mutum ɗaya yana iya sakin harsashi 1.000 ko 2.000 a yini. Ƙarfen bindiga yana zafi har ba ya taɓuwa sai da safar hannu. Kafaɗa tana kumbura ta yi baƙi, yatsa ya yi bororo, wasu sai an riƙa ɗura musu harsashi don hannunsu ya gaji. Ni dai ban kira wannan farauta ba. Mafarauci yana kashe abin da zai iya ɗauka, kuma ya san tukunyar da za ta dafa shi.

Kumburin kafaɗa yana sacewa bayan kwana kaɗan. Kunne kuwa in ƙarar bindiga ta lalata shi, ba ya komawa yadda yake, kuma likita ba shi da maganin wannan kurumta. Shi ya sa tsofaffin maharba da yawa sai an ɗaga murya suke ji. Akwai kuma dalma. Harsashi guda yana ɗauke da wajen giram 30 na ƙwayoyinta, 1.000 kuwa kilo 30, duk a watse cikin gona da bakin ruwa. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. In an kawo naman harbi gida, a tsince ƙwayoyin sarai, a yanke wurin da suka shiga, kafin a dafa.

Harbi yana rage su?

Wani ɗan aji ya taɓa ce mini: «Mushe, in kowane gida ya sami bindiga, ai tsuntsayen za su ƙare.» Tambayar tana da kyau, kuma an riga an gwada.

Gwamnatin Ingila ta yi shekaru tana biya wa maharba wani kashi na kuɗin harsashi don su rage hasbiyar daji. Wani masani mai suna Murton ya zauna yana ƙidayar tsuntsayen a gonakin wani ƙauye kusa da Kambirij, shekara bayan shekara. Ya gano cewa abincin lokacin sanyi shi yake yanke yawansu. In abincin gonaki zai ishi tsuntsu 100 kawai, to 100 za su ga bazara, ko an yi harbi ko ba a yi ba. Waɗanda bindiga ta kashe, da ma yunwa za ta kashe kamarsu, sauran kuma sun sami ƙarin abinci. A 1965 gwamnati ta daina biyan kuɗin, don kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A Ajantina ma an yi harbi, an zuba guba, kurciya ba ta ragu ba, don tana ƙyanƙyasa sau da yawa a shekara kuma dawa tana nan. Amfanin harbi a gona shi ne kora: garke ya tsorata ya tashi. Sau da yawa gonar maƙwabci yake komawa.

Kada ku ɗauka daga nan cewa tsuntsu ba ya ƙarewa. A Amurka an yi wata kurciya mai ƙaura wadda yawanta ya kai miliyan dubu uku ko fiye. In garkenta yana wucewa, rana takan dushe. Amma ƙwai ɗaya tak take yi, kuma duka suna taruwa wuri guda su yi sheƙa. Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo, maharba suka riƙa jin labarin inda ta sauka, su bi ta har sheƙa, su kashe iyaye, su kakkaɓo ƴaƴa, su cika ganguna a kai birane. A 1878, a Petoski cikin jihar Mishigan, an yi watanni ana kashe dubbai kowace rana. Ana kuma sare dazuzzukan da take ci. Ta ƙarshe a duniya ta mutu cikin keji a gidan dabbobi na Sinsinati, ran 1 ga Satumba 1914.

Wannan labari ya shafe mu, don muna da baƙuwa. Akwai wata kurciya mai zanen baƙi da fari a wuya, mai fiffike ruwan ƙasa, wadda take ƙyanƙyasa a Turai. Da kaka take ƙetare teku da Sahara ta sauka ƙasashenmu, daga Senegal har tabkin Cadi. Tana kwana a bagaruwa kusa da ruwa, ta koma wajen watan Afrilu. A 2014 aka ɗaura wa wata ƴar na'ura a Ingila, aka bi sawunta har Mali: kilomita fiye da 5.000, yawanci da dare. Daga 1980 zuwa 2015, cikin kowace goma kusan takwas sun ɓace a Turai, saboda ƙarancin abinci a gonakin can da yawan harbi a hanya. A 2021 Faransa da Sipaniya da Fotugal suka dakatar da harbinta. Bayan shekara biyu aka ƙidaya, aka tarar ta ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya tarar da ita a bakin tabkin Waca cikin sanyin hunturu, ya tuna hatsi yana rumbu tuni, ba ta ci na kowa ba.

A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta. Ta ce harbi da bindiga sai da takardar izini, kuma akwai lokacin buɗewa da na rufewa. Ma'aikatan gandun daji su ne masu lura da ita.

Me ya rage wa manomi?

Jan-baki ba a yaƙarsa da bindiga. Tun 1965 ƙasashenmu suka kafa ƙungiyar OCLALAV a Dakar don yaƙi da fara da tsuntsaye, aka riƙa fesa magani a makwancinsu da dare. Maganin yana kashe jan-baki, yana kashe shaho da mujiya da suka ci gawarsa. Kada ku taɓa tsintar mataccen tsuntsu ku gasa, ko bayan feshi, ko lokacin shuka da aka gauraya iri da jan magani. In kun ga inda babban garke yake kwana, ku gaya wa mai gari ya sanar da ma'aikatan gona.

Sauran dabarun a hannunmu suke. In gari duka ya yi shuka lokaci guda, hatsi ya nuna tare, ɓarnar tana rabuwa, kowa ya ɗauki kaɗan. Gonar da ta riga kowa nuna, ko ta yi saura ita kaɗai, ita take shan kashi. Hatsi mai gargasa yana soke wa tsuntsu ido. Dami in ya bushe, a kai shi rumbu da wuri. Wasu suna sare itatuwan gona don kada tsuntsu ya sami wurin sauka. Wannan asara ce. Gawon da manoman Magarya da Matamai da Mirya suka raya tun wajen 1985 shi yake ba gona taki, ya ba dabbobi abinci da rani, kuma tsuntsun da ya rasa reshe a gonarka yana da fiffiken da zai kawo shi daga wani wuri.

Tsaron gona kuwa yana faɗowa kan yara, daidai watan Oktoba da ake komawa lakwal, lokacin da dawa take nuna. Tsuntsaye sun fi ci da sassafe da kuma la'asar. Da tsakar rana suna laɓe a inuwa. In gidaje huɗu masu gonaki kusa da juna suka haɗa igiyoyin gwangwani a rumfa guda, mutum ɗaya yana iya jan su, a riƙa karɓa-karɓa, sauran yaran su zo aji.

Tambayoyi da aiki

1. Ta yaya shan ruwan tantabara ya bambanta da na kaza?
2. Garken jan-baki 5.000 ya yi kwana 6 a wata gona. Tiya nawa aka rasa?
3. Maharbi ya kashe hasbiya 40 masu giram 350. Kilo nawa zai ɗauka? In ya saki harsashi 90, giram nawa na dalma ya watsa?
4. Don me kurciyar Amurka ta ƙare, ta Ajantina kuwa ba ta ragu ba?
5. Ku je wurin sarkin baka ko wani tsohon maharbi, ku gaishe shi da ladabi. Ku tambaye shi sunayen dangin kurciya da ya sani, da waɗanda yake gani da yawa yana yaro amma yanzu sun yi wuya. Ku rubuta sunayen cikin kayenku, ku kawo ran Litinin.